Zafi da iska sun hana tashi

Laraba

Yau jirgin sama bai tashi ba, kuma hakan ne daidai. Tun da hantsi zafi ya kai digiri 30, alhali filin jirgin yana ƙafa 6,000 sama da teku, inda lissafin jirgi ke sa ran digiri 3 kacal. Zafi, kamar tsayi, yana rage kaurin iska: kowane digiri na ƙari tamkar an ɗaga filin ne da ƙafa 120, ke nan jirgin zai yi aiki kamar yana ƙafa 9,200. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke ƙara tura masa iska) yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Fiye da rubu'i ya tafi tun ba a saki birki ba. A irin wannan yanayi sai an rage kaya, a daidaita man da ke shiga inji, in kuma an ci rabin titi ba a samu kashi 70 na gudun tashi ba, a fasa.

Amma iskar ce ta fi tayar min da hankali. Da rana tsaka gajimare mai santsi, mai siffar faifai, ya tsaya cak a saman tsaunin da za a tsallake, ƙarƙashinsa kuma wasu yagaggun gizagizai suna ta juyawa. Wannan alama ce iska na tsallake dutsen tana gangarowa da ƙarfi ta bayansa. Tana iya jan jirgi ƙasa da fiye da ƙafa 1,000 a minti, ƙaramin jirgi kuwa a wannan tsayi da ƙyar yake hawa 'yan ɗaruruwa. Irin wannan iskar masu bincike suka ɗora wa alhakin hatsarin shahararren matuƙin jirgi Steve Fossett a tsaunukan Sierra Nevada na Amurka a 2007, duk da ƙwarewarsa. In iska a ƙololuwa ta haura kilomita 45 a awa, a haƙura kawai.

Ko a ranar da ta lafa, ba a tunkarar dutse kai tsaye. A zo masa a karkace, kusurwar digiri 45, da tazarar ƙafa 2,000 a samansa, don a iya kaucewa zuwa gangare in jirgi ya fara nitsewa. Cikin kwari kuma a bi gefe guda, kada a bi tsakiya, domin a wuri mai tsayi jirgi ya fi gudu kuma juyawa na cin fili. Mutane da yawa sun shiga kwarin da ke tsukewa suka rasa wurin juyowa.

An ɗaga tafiyar zuwa gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi.