Jami'in haɗi a asibitocin unguwa na Birtaniya: yadda aikin yake da inda yake cijewa

A Ingila, minti goma aka saba ware wa majiyyaci a gaban likitan unguwa. Minti goma na isa a auna hawan jini, a sauya ƙwaya, a rubuta takardar gwaji. Amma ba ya isar dattijon da matarsa ta rasu, ya daina fita, ya daina ɗora tukunya, yake ta zarya asibiti da ciwon kai da rashin barci. Haka ba ya isar uwar da asmar ɗanta ke tashi saboda danshin gidan haya, ko magidancin da bashi ya hana shi runtsawa. A 2015 ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kan matsalolin yau da kullum, ta tambayi likitocin unguwa, lissafinta ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin ganin majiyyata yana tafiya ne kan abubuwan da ba na jinya ba, irin su muhalli, aikin yi, kuɗin tallafi da rikicin iyali.

Don waɗannan mutane aka samar da jami'in haɗi. Ba ya allura, ba ya rubuta magani. Aikinsa ya zauna da mutum, ya gano abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya sada shi da wanda zai iya taimakonsa a cikin unguwa: mai ba da shawara kan bashi, ƙungiyar masu tattaki, ajin koyon Turanci, lambun haɗin gwiwa, zauren da dattawa maza ke haɗuwa suna kafinta, ko majalisar waɗanda aka yi wa rasuwa.

Tsarin ya fara ne daga ƙasa. Cibiyar Bromley by Bow da ke gabashin Landan ta tashi a 1984 a harabar wani coci, a 1997 ta buɗe asibiti a wuri ɗaya da ajin sana'a da ofishin shawara. Garin Rotherham ya fara nasa a 2012. A Sikotilan kuwa an soma a 2014 da asibitoci bakwai na unguwannin Gilasgo mafi talauci. Sai a Janairun 2019 hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ta sa shi cikin shirinta na dogon zango, ta yi alkawarin ɗaukar jami'ai 1,000 kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 2020/21, da tura aƙalla mutum 900,000 zuwa 2023/24. Aka haɗa asibitocin unguwa gungu-gungu, kowane gungu na kula da mutum 30,000 zuwa 50,000, hukuma ta ɗauki nauyin albashin jami'in gaba ɗaya.

Tura mutum wurin jami'in kan fito ne daga likita, ko nas, ko mai harhaɗa magunguna, ko ma mai karɓar baƙi a teburin asibiti. A wurare da yawa mutum na iya kai kansa. Dole a nemi yardarsa tukuna, sannan a shigar da turawar a manhajar asibitin, wadda yawanci EMIS ce ko SystmOne, da lambarta ta musamman. Tun daga nan ake fara ɓata aiki. Likitan da ya ce wa majiyyaci "wani zai kira ka" kawai, bai faɗa masa ko wane ne ba, ya riga ya kashe rabin zancen. Mai fama da bashi ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba, don ya ɗauka masu bin bashi ne. Jami'in ya kira sau biyu ko uku, ba a ɗauka ba, sai a rufe fayil a rubuta cewa mutum bai amsa ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: likita ya ambaci sunan jami'in, ya faɗi abin da zai yi, a kuma tura saƙon tes kafin kira. Takardar turawar ma ta ƙunshi dalili na gaske. "Kaɗaici" kalma ɗaya ce da ba ta gaya wa jami'i ko mutumin yana iya hawa bas, ko yana jin Turanci, ko akwai haɗari a shiga gidansa.

Zaman farko shi ne jigon aikin, kuma yakan ci minti 45 zuwa awa guda. Ana yin sa a asibiti, ko a gidan mutum, ko a laburare, duk inda zai fi sakewa. Ba a farawa da tambayar inda ke ciwo. Ana farawa da "me ya fi damunka a rayuwarka yanzu?", daga nan sai jami'i ya kama bakinsa ya saurara. Sau da yawa abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ke fitowa bayan rabin awa daban. An turo mace saboda ba ta motsa jiki, ashe wasiƙun kamfanin wuta ne jibge a leda ba ta buɗe ba wata da watanni. Gogaggen jami'i yakan ce a ɗauko ledar, su buɗe tare, su ware wanda ke da wa'adi da wanda zai iya jira. Kafin a tashi ana rubuta ɗan gajeren shiri da kalmomin mutumin kansa: abu biyu ko uku, wa zai yi me, zuwa yaushe. Shirin da ya kai abu takwas ba a cika ko ɗaya.

A ganina, jerin abin da za a fara da shi ya fi komai bambanta ƙwararre da sabon shiga. Abinci da muhalli da bashi su ne gaba, ƙungiyar waƙa ko tattaki a baya. Wanda ba shi da abincin gobe, takardar rumbun abincin agaji yake buƙata yau, wadda ke ba shi abincin aƙalla kwana uku, kuma a haɗa masa da mai duba ko akwai tallafin da ya cancanta bai nema ba, don rumbun toshe ɓaraka ne kawai. Fom ɗin tallafin naƙasa na PIP wata ɗaya ake ba mutum ya mayar da shi, kuma idan an hana shi, wata ɗaya ne ya nemi a sake dubawa. Jami'in haɗi ba masanin dokar tallafi ba ne, bai kamata ya cika fom ɗin da ka ba, amma dole ya san wa'adin, ya samo wa mutum layi a wurin masu shawara kafin lokaci ya ƙure. Mai bashi a Ingila da Wales na iya samun sararin kwana 60 da za a dakatar da kuɗin ruwa da matsin masu bi, tsarin da ya fara a Mayun 2021, amma sai ta hannun mai ba da shawara kan bashi ake shigarsa. Batun danshi da fumfuna a bango kuma ya daina zama abin wasa tun rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka zo daga Sudan, wanda ya rasu a Rochdale a Disambar 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a 2022 cewa fumfunar gidansu ce sila. Wasiƙar likita da hotuna masu kwanan wata su ne abin da jami'i zai taya iyali tarawa kafin a tunkari mai gida.

Bayan an kwantar da waɗannan sai a zo kan fita cikin mutane. Miƙa wa mutum takarda mai adireshi da lokaci ba ya aiki ga waɗanda suka fi buƙata. Wanda ya shekara biyu bai shiga taro ba zai iso bakin ƙofar zauren, ya ji hayaniya, ya juya gida, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Shi ya sa ake rakiya. Jami'i ya haɗu da shi a tashar bas, su shiga tare, ya gabatar da shi ga mai kula da wurin da sunansa, ya zauna na ɗan lokaci. Mako na biyu ya tsaya a ƙofa. Mako na uku ya buga waya kawai ya ji yadda aka yi. Idan wurin bai karɓe shi ba, ba laifi, a gwada wani. Jagorar NHS ta tanadi haɗuwa 6 zuwa 12 cikin kusan wata uku, da mutum har 250 a shekara ga jami'i ɗaya. Wanda ya buga lissafin zai ga cewa idan aka cika 250, rakiyar ce ke fara faɗuwa, aikin ya koma na waya. Lokacin korona ma haka aka koma dole, kuma wurare da dama ba su dawo da ziyarar gida yadda take ba.

Ana auna ci gaba a farko da ƙarshe, galibi da tambayoyi huɗu na ofishin ƙididdiga na ƙasa: gamsuwa da rayuwa, jin cewa abin da mutum ke yi na da amfani, farin cikin jiya, da fargabar jiya, kowanne daga 0 zuwa 10. A ta huɗun, babban maki shi ne mara kyau, saɓanin sauran ukun, kuma masu tattara alƙaluma kan manta da wannan, sai su haɗa su duka wuri guda. Babbar matsalar ita ce waɗanda suka ɓace a hanya ba su cika ta ƙarshe, sai rahoto ya fito da sakamakon waɗanda abin ya yi wa daɗi kaɗai.

Akwai kuma turawar da ba ta dace ba. Layin ganin likitan ƙwaƙwalwa na da tsawo, saboda haka likitan unguwa da ya rasa yadda zai yi yakan tura mai tsananin ciwo wurin jami'in haɗi ya riƙe shi kafin nan. Jami'in da ba a horar da shi kan wannan ba sai ya tsinci kansa da mai maganar kashe kansa a waya da yammacin Juma'a. Dole kowane gungu ya rubuta ƙa'idar wanda ba a turawa, ya sanya likitan da za a kira nan take, ya kuma ba jami'in zaman duba aiki a kai a kai da wani babba. Inda babu wannan, jami'ai na barin aiki, kuma duk wanda ya tafi ya tafi da sanin unguwa da ya tara, wanda ba ya cikin kwamfuta. Kundin ƙungiyoyi na intanet yana tsufa cikin watanni: an sauya rana, kuɗi sun ƙare, mai jagorantar ta ƙaura. Jami'in kirki yana ware lokaci a mako ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya tabbatar akwai inshora, an tantance masu aiki da masu rauni, keken guragu na iya shiga.

Hausawan da ke zaune a can, ɗalibai da ma'aikatan jinya da iyalansu, su san cewa rajista da likitan unguwa kyauta ce ga kowa, ganin jami'in haɗi ma haka. Ana iya neman tafinta, ana iya neman mace ta ga mace, kuma bai dace a sa yaro ya fassara wa uwarsa zancen bashi ko na aure ba. Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin tallafin gwamnati ya faɗa tun zaman farko, don kada a nema masa abin da zai jawo masa matsala da hukumar shige da fice. Akwai taimakon ƙungiyoyin agaji da na masallatai da ba ya cikin wannan hani.

To, abin yana aiki kuwa? Hujjar ba ta kai ƙarfin yabon da 'yan siyasa ke yi ba, kuma gara a faɗa. A 2017 masu bincike a Jami'ar York sun duba rahotanni 15, suka ce yawancinsu ƙanana ne, ba su da rukunin mutanen da ba a tura ba da za a kwatanta da su, ba a bi mutane na dogon lokaci ba. Garin Frome na yankin Somerset, inda Dakta Helen Kingston ta fara shiri a 2013, ya ga kwantar da mutane a asibiti cikin gaggawa ya ragu da kashi 14 cikin ɗari zuwa ƙarshen 2017, alhali a sauran Somerset ya ƙaru da kashi 28.5. Sai dai a Frome an sauya abubuwa da yawa lokaci guda, ba za a jingina nasarar ga jami'in haɗi shi kaɗai ba. Binciken shirin nan na Gilasgo da aka buga a 2019 ya fi koyar da darasi. Da aka haɗa duk waɗanda aka tura, ba a ga bambanci da na asibitocin kwatantawa ba. Amma waɗanda suka ga jami'i sau uku ko fiye sun samu sauƙin damuwa da fargaba, sun ƙara motsa jiki. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne ƙirga yawan waɗanda aka tura ba ya nuna komai, abin dubawa shi ne nawa aka riƙe har suka isa inda aka nufa da su.

Inda tsarin Ingila ya fi rauni shi ne kuɗi. Hukuma na biyan albashin jami'in da ke tura mutane, ba ta biyan wurin da ake turawa. Ƙungiyar da ke dafa wa tsofaffi abincin rana a zauren coci, da 'yan sa-kai huɗu da kujeru talatin, sai ta wayi gari asibitoci uku na aiko mata da mutane, wasu da mantuwar tsufa, wasu da buƙatar a ɗauko su da mota, ba a ƙara mata ko fam ɗaya ba. Wannan kuwa bayan shekarun da aka yi ana zaftare kasafin ƙananan hukumomi tun 2010, aka rufe laburare da zaurukan matasa da dama. Unguwar da ta fi talauci ita ce ta fi ƙarancin irin waɗannan wurare, ita ce kuma ta fi yawan masu buƙata. Rotherham ta kauce wa wannan tun farko: ƙungiyar Voluntary Action Rotherham ce ke riƙe da shirin, kuma an ware wani kaso na kuɗin ana ba ƙananan ƙungiyoyin da ke karɓar mutane, ana sayen gurbi a wurinsu kamar yadda ake sayen magani. Su kansu jami'an ba su tsira ba, don da yawansu kwantiragin shekara-shekara suke yi. A 2023 an shirya rage yawansu sosai a Gilasgo saboda giɓin kasafi, sai da likitocin unguwannin talakawa da ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da jijiyar wuya kafin gwamnatin Sikotilan ta ba da kuɗin riƙe su na shekara uku.