Mai kai mutane yawon daji

Ranar da na gaya wa Inna zan riƙa kai mutane daji su biya ni, sai ta aje tsintsiya ta ce, "Dajin da muke zuwa itace kyauta?" Har yau ana yi mini wannan tambaya a Damagaram, kuma ba na ganin laifin mai yin ta.

Mu uku ne a sana'ar: ni, da ƙanena mai tuƙi, da wata yarinya da ta karanci aikin gandun daji. Yawancin masu zuwa 'yan lakwal ne da mushensu, kowane yaro dala ɗari, har da ruwan sha. Aikin na kaka ne zuwa ƙarshen sanyi. Da bazara ta kama, babu uban da zai ba ka ɗansa ka shanya shi a rana.

Bayan asuba muke kama hanyar Mirya, mu sauka mu taka da ƙafa. Ba na buɗe baki sai mun kai gindin gawo. Nan nake ce musu su duba ko'ina: gonaki sun bushe, sai shi kaɗai kore shar. Ɗan birni bai san gawo da damina yake zubar da ganye ba. Shi ya sa ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su zo cin 'ya'yansa su bar kashi a gindin. Sai in ba su labarin da tsofaffi ke bayarwa, cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, wanda ya sare gawo da ransa yake wasa. A nan ne ko mai surutu yake yin tsit.

Amma gaskiya ba ni ne malamin ba. Akwai wani dattijo da muke ratsa gonarsa. Yakan durƙusa gaban kututturen da ya tsiro, ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa, ya share ƙananan rassa. Sassaben zamani ke nan. Babu dashe, babu ban ruwa, saiwar tana nan a ƙasa tun tuni. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram suka mai da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5 tun bayan farin 1984. Yara ba sa riƙe lissafin, hannun tsohon suke kallo.

A shekararmu ta fari, a gonar nan wani yaro ya fizge tofon gawo ya kawo mini da murna, wai in faɗa masa sunansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Ya juya tofon a tafinsa ya ce, "Ɗana, shekara biyu ina tsare shi daga awaki." Bai ƙara ko kalma ba. Tun ranar, kafin kowa ya sauka daga mota sai na kafa doka: a nuna da yatsa, kada a taɓa. Kuma duk zuwa da rabon Baba a cikin kuɗin, ko da motar ba ta cika ba.

Manya sun fi son tafkin Gidimuni, saboda zalɓe da belbela da agwagin ruwa. Can kuɗin mai ke cinye riba, sai an haɗa mutum goma sha biyar nake yarda. Duk inda muka je da buhu muke tafiya, kowa ya tsinci leda a hanyar dawowa. Mai zuwa kuma ya sa rufaffen takalmi. Na gaji da cire wa 'ya'yan mutane ƙarangiya a ƙafa.