Kwana biyar a Legas, makon da DeepSeek ta hana kowa sakat

Ranar Lahadi 26 ga Janairun 2025 na bar Kano da rigar sanyi, hazo ya rufe gari har muna fargabar kada a soke tashin jirgin. Muna sauka Ikeja na tuɓe ta, gumi ya riga ya jiƙa ta ciki. Kamfanin da nake rubuta wa manhaja daga gida ne ya kira mu, don shekara biyu muna aiki tare ta intanet ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Sun so su kama mini otal, na ce a bar shi. Ina da kawu a Agege, in ya ji na shigo Ikko na kwana a otal, sai dai in nemi wani kawun.

Kafin mu kai Agege wasu masu kaki suka tsayar da motarmu. Ɗaya ya hango jakar laftof a cinyata, ya ce in buɗe. Ya ga baƙin allo cike da rubutu kala-kala, nan take ya yanke hukunci: ɗan damfara ne. Na nuna katin aiki. Ya dubi katin, ya dubi hulata, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin "aboki" yana wannan aikin ba. Wannan kalmar ta fi tsayuwar minti arba'in da muka yi a rana ƙona mini rai. Da na ba abokan aiki labari daga baya babu wanda ya yi mamaki, kowa da nasa, har da mai ɗaukar kwamfutarsa a ledar cefane. Mu a Kano iyakar abin da laftof ke jawo maka shi ne maƙwabci ya kawo wayarsa ka duba masa WhatsApp.

Kawu ya shekara talatin a Agege yana harkar albasa. Ɗakinsa ya bar mini, ya koma falo, ya kuma kunna janareta har asuba don kada sauro da zafi su hana ni barci, a lokacin da litar fetur ke neman naira 1,000. Na ce, "Kawu, a kashe mana." Ya ce, "Kai dai kwanta, ɗana, ba kai za ka saya ba."

Ranar Talata na shiga jirgin ƙasan Red Line daga Agege zuwa Yaba. Watanni uku kenan da fara jigila da shi, kujeru tsaf, ga sanyi, ina leƙen cunkoson titi ta taga ina tausayin na cikin danfo. A kan titin Herbert Macaulay aka nuna mini ginin CcHub, cibiyar matasa masu harkar fasaha, inda Mark Zuckerberg mai Facebook ya leƙa a 2016. Wurin taronmu bai da nisa da nan. Na zata aiki za mu yi, ashe ranar babu mai niyyar rubuta ko layi ɗaya.

Labari ne ya kwana yana yawo. Wani kamfanin Sin da ke Hangzhou, DeepSeek, ya saki manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke gogayya da ChatGPT, kyauta, har ta hau saman jerin manhajojin da aka fi saukewa a wayoyin Apple a Amurka. Da aka ji cewa da kuɗi kaɗan aka horar da ita, ranar Litinin hannun jarin kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar da ake horar da irin waɗannan manhajoji da ita, ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari, darajar kamfanin ta zube da kusan dala biliyan 600 a wuni guda.

Wata abokiyar aikinmu murna take kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Lissafinta mai sauƙi ne: dala 20 take biyan ChatGPT duk wata, sama da naira 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, kuma a lokacin katin nairarta ba ya biya a waje, sai ta bi ta katin dala na intanet a yanke mata wani abu. Babban cikinmu, mai furfura a gemu, ya ce ta bi a hankali. Dala miliyan 5.6 ɗin da ake ta yayatawa cewa su kaɗai DeepSeek ta kashe, in ji shi, kuɗin zagayen horo na ƙarshe ne kawai, babu albashin injiniyoyi a ciki, babu kuɗin sayen na'urori. Ya ce kuma ta tambayi manhajar yadda sojojin Sin suka murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen na Beijing a 1989 ta ga yadda za ta kauce, sannan ta tuna inda bayanan abokan cinikinmu za su je in ta liƙa su a ciki. Wani ya tsoma baki cewa ai sun saki ƙirar a buɗe, kowa na iya ɗora ta a na'urarsa, ba sai ya aika komai Sin ba. Aka tambaye shi, da wace wutar? Dariyata ta fi ta kowa, don a Oktoban 2024 mun yi fiye da mako a Kano cikin duhu, a shagon mai cajin waya nake ƙarasa aikin kamfanin nan.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ƙaramin cikinmu, bai daɗe da gama horon 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koya wa matasa fasahar zamani, ba. Shiru ya yi har aka kawo abinci, sannan ya tambaya a hankali ko akwai amfanin ya ci gaba da koyo. Mai furfura ya lissafa masa: Andela, mai horar da masu rubuta manhaja a Afirka, ta sallami ƙananan masu rubuta manhaja kusan 400 a 2019 tana cewa kasuwa ƙwararru take nema, Twitter ta sallami ma'aikatanta na Akara a 2022 bayan Elon Musk ya saye ta, Microsoft ta rufe cibiyar injiniyoyinta ta Legas a 2024. Nufinsa, kora ba yau aka fara ta ba, kuma ga mu nan muna cin abinci. Ni dai amsar ba ta gamsar da ni ba. Ƙananan ayyukan da na koyi sana'ar nan da su, gyara maɓalli, rubuta gwaji, neman inda waƙafi ya ɓace, su ne na'urar ke gamawa cikin daƙiƙa. Mu da muka riga muka haye muna da bakin cewa a kwantar da hankali, yaron kuwa tsanin ake janye masa. Ban faɗa a wurin ba, ban ga abin da zai ƙara masa ba.

Sai wani ya tuno cewa makon da ya gabata hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Nan ɗakin ya kama da wuta. Biliyoyin Nvidia da wasa da dariya aka yi maganarsu, amma kuɗin data har da buga tebur.

Kafin a tashi suka ce in gwada musu Hausa. Na rubuta wa ɗaya daga cikin manhajojin da ke buɗe a teburin, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ta zubo mini nasiha mai tsawo kan tsaftar kayan aski. Aikina na fassara wa kamfani saƙonnin Hausa dai yana nan tukuna.

Laraba na je Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, neman batirin laftof. Farm Centre ɗinmu ta Kano in aka kawo ta nan lungu ɗaya za ta cike. Babu sallama, babu ina gajiya, rigarka za a ja. Mai shagon ya ce naira 45,000, na juya zan tafi sau biyu, muka daidaita a 28,000, na kuma sa ya ɗaura a gabana na zauna har ya yi caji, don an gargaɗe ni. A bakin ƙofa wani yaro yana shelar zai sa wa mutane "sabuwar basirar Chana" a waya kan naira 2,000. Abin da yake kyauta! Kuma ga mutane a layi.

Da daddare Kawu, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya ce, "Ɗana, wai mutanen Sin sun ƙera abin da zai cinye muku aiki?" Na yi ta bayani. Ya saurara har na gama, ya ce in tambaye ta nawa buhun albasa zai kai a kasuwar Mile 12 kafin azumi. Na ce ba ta sani ba. Ya mayar da rediyonsa kunne.

Alhamis muka yi aikin da ya kawo mu. Juma'a jirgi ya yi jinkirin awa uku. Na iso Kano da ƙullin albasa da burodin Agege biyu, na tarar babu wuta, batirin ya riƙe ni har bayan isha'i.