Lasifikar cikin silin: a yi awo kafin a yi huji

Yawancin masu gini a Yamai ba sa tunawa da sautin falo sai mai staf ya rufe silin, an shafa fenti, an ɗaura fanka. A lokacin kuwa aiki ya riga ya ninka. Lasifikar da ake binnewa a silin, tun ana hango kwano daga ƙasa ake shirya mata wuri da hanyar waya.

Kada a kai duka lasifikokin sama. Ukun gaba, wato hagu da tsakiya da dama, wurinsu kusa da talabijin, daidai kunnen mai zaune. In aka ɗora ta tsakiya a silin, bakin mai magana yana motsi a gabanka, muryarsa tana saukowa daga saman kanka, kuma kunne ba ya sabawa da haka. Silin na ƙarar sama ne: ruwa, tsawa, jirgi mai wucewa. Abin da Dolby Atmos, tsarin sauti na kamfanin Dolby, ya kawo gidajen sinima ke nan a 2012, ya shigo gidaje a 2014. Ana kiran jerin lasifikokin da lambobi, 5.1.2 ko 5.1.4, kuma lambar ƙarshe ita ce yawan na sama. Na farko yana son ampli mai Atmos da tasha bakwai, wato wurin jona lasifika bakwai, na biyu tara.

Wajen saye, juya bayan lasifikar kafin ka tambayi kuɗinta. In ka ga ƙaramin taransfoma manne, da wayoyi masu rubutun 3W, 6W da 100V, wannan ta sanarwa ce, irin ta masallaci da otal da kanti. Fuskarsu ɗaya da ta kallon fim a gida, amma da ampli na daban take aiki. Taka ita ce mai 8 ohm, faɗin inci 6.5 ko 8, da ƙaramar lasifikar siririyar murya a tsakiya, in so samu ne wadda ake iya karkatawa ta fuskanci kujera. Taɓa zoben da ya kewaye faifan da ke motsi ya fitar da sauti: roba ake so, ba soso ba. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, balle tsakanin kwano da silin. Soso a wurin nan bushewa yake yi, ya riƙa marmashewa a yatsa.

Ƙurar hunturu ma ta can take shiga. Bayan lasifika a buɗe yake, ƙura ta sami ƴar tazarar da naɗin waya ke motsi a ciki, sai ka fara jin kartar yashi a sauti. Saboda haka na fi son mai rufaffen baya. In ba a samu ba, kafinta ya haɗa akwatin katako a kifa mata, a toshe gefensa. Akwatin yana kuma rage ƙarar da ke bin sama ta faɗa ɗakin barcin yara, a gidan da bango bai kai kwano ba.

Yanzu awo, wanda shi ne zuciyar aikin. Kafa kujera tukuna inda za ta zauna. Auna daga kunnen mai zaune zuwa silin: in silin mita 3 ne, kunne mita 1.1, saura mita 1.9. Mai sa huɗu, Dolby na son biyun gaba a kusurwar digiri 45, biyun baya a 135. Lissafin ba wuya: daga saitin kan mai zaune, ka auna mita 1.9 gaba, mita 1.9 baya. Mai sa biyu kawai ya ɗan gusa da su gaba, wajen santimita 30 zuwa 35, abin da zai ba shi kusan digiri 80. Ta faɗi kuwa, su bi layin lasifikokin hagu da dama na gaba. Matsalar falonmu ita ce kujera na jingine da bango, babu wurin biyun baya. Ko a janyo ta, ko a tsaya a biyu, kuma biyu a wurinsu sun fi huɗu a matse. Fanka ma a duba ta: sautin da ya ratsa fukafukanta rawa yake yi.

Silin da ke dal ɗin siminti ba ya karɓar wannan aiki, sai dai lasifika mai akwati da ake ɗaurewa a jikinsa. Staf da falanki da roba suna karɓa, muddin akwai sarari na santimita 10 zuwa 12 a sama. Kafin yanka, huda ƙaramin rami a tsakiya, lanƙwasa waya kamar ƙugiya, zura ta ka juya, ka ji ko akwai katako ko ƙarfe ko wayar kuran. Sannan ka zana da'ira da kwalin awo da ya zo cikin kwalinta, ka yanka da siririn zarto a hankali. Staf ba ya son gaggawa. Kunnuwan da ke kama silin daga baya, da hannu ake ɗaure su da sukudireba. Injin ɗauri yakan wuce gona da iri, staf ya tsage ko kunnen ya karye. Silin roba kuwa ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana karkarwa: sa masa falanki daga sama, ka rataye lasifikar da wayar ƙarfe a jikin katakon rufi.

Waya ta zama jan ƙarfe zalla, mai kaurin 1.5 mm² har zuwa mita 15, in ta fi haka 2.5 mm². Kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyam ne aka lulluɓe, yana rage ƙarfi kuma yana karyewa a wurin ɗauri. A zura ta cikin bututun roba saboda ɓera, a nisanta ta da wayar kuran kamar santimita 30, a bar rarar rabin mita a bakin rami. Kowace lasifika da wayarta har ampli. In aka jona biyu masu 8 ohm, kowace kai tsaye, a tasha ɗaya sun koma 4, ampli ya yi zafi ya riƙa kashe kansa. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. In alamar ta ɓace, taɓa wayoyin da batir na 1.5V: faifan ya turo waje, to wayar da ke kan + ita ce ja. In ɗaya ta juye, kaurin sauti ya zube.

Ampli da aka kawo daga Amurka galibi na 120V ne, wutarmu kuwa 220V, don haka karanta bayansa kafin a jona, kuma a sa masa na'urar daidaita wuta. A saitinsa, yanke wa na silin ƙasan sauti a 80 zuwa 100 Hz, a bar wa babbar lasifikar bas wannan nauyin. Daga nan sai awo da makirfon da ya zo da shi, tsarin awon da ake kira Audyssey a amplin Denon da Marantz, YPAO a na Yamaha. A ajiye makirfon daidai tsayin kunne, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe tagogi har ya gama.