Alhamis a Garwa: maganar hutun rana

Tun ƙarfe 6:30 mu direbobin rabon kaya muna dipo ana lodi. Sabulu, man girki, sukari, fulawa, katon-katon na madara. Da mai sito ya miƙo min takardar kaya na ga unguwannin Jambutu, Rumde Ajiya, Pumpumre da babbar kasuwa, sannan can ƙasa an ƙara Pitowa da biro. Pitowa kilomita 15 ce kawai daga gari, amma kafin ka je, a sauke, mai shago ya ƙirga katon ɗaya bayan ɗaya, ya nemo kuɗi, ka juyo, awa biyu ta wuce. Babu wanda ya faɗi inda lokacin zai fito, don kowa ya sani. Daga hutun rana za a yanke shi.

A takardar aikinmu hutun daga 1 ne zuwa 2, kuma ba a biyan kuɗin wannan awar. Yau ƙarfe 1 ta same mu a bakin babbar kasuwa, masu babur da masu turin kura sun toshe hanya. Rana ta Afrilu, zafin ya haura digiri 40, sitiyari ba ya taɓuwa sai da na naɗe shi da tsumma. Yaron motata ya yi alwala da ruwan jarka, yana yarfe hannu saboda zafinsa. Muka yi azahar a gefen shago, shi ya fara ina gadin kaya, sannan ni. Shinkafa da wake a leda na ɗora kan cinya na ci, inji na kunne. Da ya juya zai ɗauki buhu na ga bayan rigarsa ya yi fari da gishirin gumi, kamar an zana da alli. Gaba ɗaya ba mu kai minti ashirin ba muka tashi.

Bayan magariba aka yi taron sandika, wato ƙungiyar ƙwadagonmu, a ƙarƙashin darbejiyar bayan dipo. Delege, wakilin ma'aikata, ya sake karanta mana abin da dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce: awa 40 a mako ga duk wanda ba aikin gona yake ba, da hutun mako na awa 24 a jere. Abin da ya haura awa 40 ƙarin aiki ne, kuma awa 8 na farko ana biyansu da ƙarin kashi 20 cikin 100. Mu kuwa daga Litinin zuwa Asabar muke fita da safe, mu dawo rana ta faɗi. Kowa ya yi lissafinsa a zuci, aka yi tsit.

Daga nan samarin suka kawo tasu. Su a mai da hutun rabin awa, irin na ma'aikatan gwamnati da ke shiga 7:30 su tashi 3:30, don a riƙa sallamarmu da wuri. Ba na ganin laifinsu. Wasunsu na da ƙananan yara da ba sa ganinsu a farke sai Lahadi, wani kuma yana haya da babur da dare don albashin ba ya kai shi ƙarshen wata.

Dattijon cikinmu, wanda ya shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Ngaundare da Kusiri kafin ya dawo rabon cikin gari, shi ya amsa. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka za a sallame ka da wuri? Ka ba su rabin awa, su ƙara maka shago uku." Yaron ya ce, "Baba, ai yanzu ma ba samun awar muke ba." Ya ce, "To ita za mu nema. Abin da aka hana ka ba ka ba da shi kyauta."

Ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Rabin awa na wanda ke zaune a inuwa ne, fanka na kaɗa shi. Direban da ya wuni cikin ƙarfe yana bukatar ya yi salla a natse, ya ci abinci a zaune, ya runtse ido ko na minti goma. Barcin da ke kama mutum a kan sitiyari bayan azahar duk mun san shi, kuma a daidai lokacin ne 'yan makaranta ke cika titi. Wani ya nuna mana a waya cewa a Turai direban babbar mota dole ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta lokacin. A Amurka ma, a 2023, ƙungiyar direbobin kamfanin kai saƙonni na UPS ta sa kamfanin ya amince da sanya na'urar sanyaya iska a sababbin motocin rabon kaya. Su zafi ya sa suka tashi tsaye, ballantana mu na bakin Binuwai.

An tsai da magana a kan abu ɗaya. Daga Litinin kowane direba zai riƙe littafi, ya rubuta lokacin fita, lokacin da ya tsaya, minti nawa ya samu, da lokacin da ya ajiye makulli. Bayan wata guda delege zai kai wa shugabannin kamfani, tare da bukatar a rage yawan shaguna yadda awar za ta fita. In ba a saurare mu ba, sai ofishin sufeton ƙwadago.

Ni na ɗaga hannu na ce a sa yaran mota a ciki. Yawancinsu 'yan aikin wuni ne, ba su da kwantiragi, ba su da lambar CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, ba sa cikin sandika, alhali su ke ɗaukar nauyin a ka. Delege ya ce doka ba ta ba shi bakin magana a kansu kai tsaye ba, amma a rubuta lokutansu a littafin. Na karɓa a haka tukuna.

Gobe Juma'a, kuma na hango garin Gidar a allon dipo. Zan nemi a fara min lodi da wuri don in samu masallaci a can.