Tallafin noma da masu lambu: wa aka yi lissafi da shi?

Ni duk sanda aka ce gwamnati ta fito da tallafin noma, abin da nake fara tambaya shi ne wata nawa aka ba manomi ya biya bashin. A nan ake gane ko an yi lissafi da masu lambun 'ya'yan itace ko an manta da su.

Ku duba shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya zuba sama da naira tiriliyan ɗaya, amma tsarin galibi don mai shinkafa da masara da alkama da auduga aka gina shi, ka karɓi iri da taki da magani, in ka girbe ka biya da buhu ko da kuɗi. To mai dashen mangwaro fa? Ko mangwaro mai aure (wanda aka yi wa haɗi) ya dasa sai ya yi shekara 3 ko 4 yana ban ruwa yana korar awaki kafin ya ga 'ya'yan kirki, wane banki ne zai zauna jiransa? Dabino ma ya fi haka daɗewa, shi ya sa duk da akwai tashar binciken dabino a Dutse, in azumi ya zo har yanzu na Nijar da na ƙasashen Larabawa ne ke cika kasuwa.

Wanda ya ɗan sha romo a harkar shi ne mai kankana, don ita wata uku ta isa. Shirin Fadama da aka faro tun shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin fadama da ƙananan injinan ban ruwa, sannan lokacin da takin gwamnati yake naira 5,500 buhu, wanda ya samu (ba kowa ya samu ba, mun san yadda rabon yake tafiya) ya ci riba sosai. Sai aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, injin da ke shan mai kullum ya zama shi ke cinye ribar, kuɗin mota kuma ya ninka, kuma lemon da ake ɗaukowa daga Gboko ta jihar Binuwai zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano ai a mota yake zuwa, in ta kwana biyu a hanya na ƙasa duk ya lalace.

Abin da ya fi ba ni haushi ma maganar jus ce. Tun zamanin Obasanjo aka hana shigo da jus na kwali daga waje wai don a taimaki manomin gida, amma aka bar ƙofar shigo da ruwan 'ya'yan itace mai kauri da kamfanoni ke sirkawa. Kamfani ya samu kariya, manomin Binuwai kuma yana kallon lemonsa na zuba a gindin bishiya, dillali ya zo ya yi masa tayin wulaƙanci ya karɓa don ba shi da inda zai ajiye.

Da ni za a tambaya, bashin da sai bayan shekara huɗu za a fara biya nake so, da dashe nagari daga NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da ke da reshe a Bagauda, da ɗakin sanyi a manyan kasuwanni. Da Cardoso ya zama gwamnan CBN ya tsayar da rabon kuɗin tallafin bankin, masu shinkafa ne suka yi ta ƙorafi, masu lambun da na sani ko a jikinsu, don dama ba a taɓa kiransu ba.