Me Ya Sa Manomin Albasa Yake Sayarwa Lokacin Da Ta Fi Araha?

Kowa a Sakkwato ya san kalandar albasa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan aka cire ta rani a fadamun Goronyo da Wurno da Kware, kasuwa takan cika har buhu ya koma kamar kyauta. Zuwa ƙarshen damina kuma kuɗinta ya ninka. Manomi ya fi kowa sanin haka, amma shi ne na farkon lodawa mota. Masu kallo daga gari sukan ce rashin haƙuri ne, ko rashin lissafi. Wanda ya zauna ya yi lissafin da kansa yakan janye wannan magana.

Albasa yawancinta ruwa ce, kuma zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Tun tana cikin rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, take ramewa. Buhun da aka zuba cike ba zai fito cike ba. Da damina ta sauka, laima ta kawo ruɓa da tsiro. Wadda aka cika wa takin yuriya a ƙarshe, ko aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira, ko aka yanke ganyenta wuyan bai bushe ba, ita ke fara lalacewa, ta shafi na kusa da ita. Dole a riƙa buɗewa ana tsincewa, masu tsincewar kuma ba a banza suke yi ba.

A ƙaddara misali, ba farashin wata shekara ba: buhu 100, kowanne a kan naira 20,000, miliyan 2 ke nan a hannu. An ajiye wata shida, 60 suka tsira, buhu ya kai 45,000, an tashi da miliyan 2.7. Farashi ya ninka fiye da biyu, abin da ya ƙaru a aljihu bai wuce 700,000 ba, ba a ma cire kuɗin rudu da na leburori ba. Idan 40 suka tsira, an faɗi. Mafi yawan tashin farashin nan kuɗin albasar da ta ruɓe ne ake biya. Da a ce ajiya riba ce zalla, da kowa ya ajiye, da ba a ga arahar ba balle tsadar.

Sai kuma tsadar jira, wadda ba ɗaya take ga kowa ba. Ƙaramin manomi ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, sau da yawa a hannun ɗan kasuwar da ya sharɗanta a sayar masa ranar cira. Ga damina tafe tana neman kuɗin noman gero da dawa. A wurinsa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Attajirin da ya saye ya tara yana da jarin da zai kwanta wata shida, kuma idan rudu ɗaya ya ruɓe, sauran za su rufe asarar. Shi ya sa ajiya takan koma hannun masu kuɗi, ko da manomin ya fi su iya ta.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane: shekarar tsada takan haifi shekarar faɗuwa. Manomi yana yanke shawarar faɗin gonarsa lokacin dashe, yana duban farashin da ya gani a lokacin, alhali sai bayan wata uku ko huɗu zai kai kasuwa. Maƙwabtansa duka sun ga farashin nan, duka sun faɗaɗa, kuma a mako ɗaya motocinsu za su isa Legas da Anaca.